Ɗan Fari Mai Fuskar Tagulla

A zamanin da guguwa ke da mahaya, suri kuma ke da ƙofa, an yi wani gari a gindin duwatsu ana ce masa Rafin Gawo. A garin akwai wani saurayi masaƙi mai suna Haladu, siriri ne, ba shi da yawan magana. In ka bi ta gindin ceɗiyar ƙofar gidansu ba abin da za ka ji sai ƙarar ƙoshiyarsa tana kai da komo cikin zare. Ubansa ya rasu ya bar shi da uwarsa Tasalla da ƙanensa Ɗanlami.

Shi Haladu ɗan fari ne. To, ka san yadda iyayenmu mata suke da ɗan fari. Tun ranar da aka yanka masa rago, sunansa bai taɓa fita daga bakin Tasalla ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta yi zancensa da wani sai ta ce "yaron nan". Amma Ɗanlami, da yake auta ne, sunansa a bakinta yake kwana, a bakinta yake tashi. Haladu ya san kunya ce irin ta al'ada, kowa ma ya sani. Sanin dai bai hana abin ci masa rai ba, ya yi ta haɗiyewa yana tarawa a ciki kamar yadda ake tara gawayi.

Garin kuwa yana da wata annoba. Duk ranar kasuwa, da rana ta take tsaka, sai guguwa ta taso daga gabas, a cikinta akwai aljanu masu hawan kuraye, shugabansu ana ce masa Gundumau. Su kwashe hatsi, su kora awaki, su kifar da ƙoren nonon mata don mugunta kawai, su yi gaba. 'Yan tauri sun gwada, maharba sun gwada, kowa ya dawo da karyayyen haƙarƙari.

Wata ranar kasuwa guguwar ta biyo ta gindin ceɗiya, ta fizgi bakin zaren da Haladu ya shimfiɗa zai saƙa. Zaren nan kuwa Tasalla ce ta kaɗa shi da hannunta. Haladu ya yi wuf ya cafke ɗaya bakin ya naɗe a hannu. Mutanen da suka ɓuya a bayan danga suka yi ta ce masa ya saki, shi da ko kaza ba ya iya yankawa, ina shi ina jayayya da aljanu. Maganar nan ce ta sa ya ƙi saki. Guguwa ta ja shi ta cikin ƙaya, ta cikin gonaki, har bakin wani suri mai tsawon kuka, ta shige, shi ma ya faɗa.

Da ya buɗe ido sai ya gan shi a wata ƙasa wadda samanta ja ne wur, babu rana babu gajimare. Zare ya miƙe ya yi gaba, shi kuwa ya bi shi yana naɗewa.

Ya fara shiga wani fili na dogayen ciyayi, kowace ciyawa da bakinta, kowane baki da muryar wani mutumin Rafin Gawo. Wannan ta ce rago, waccan ta ce mata-maza. Ya juya ya rama wa guda ɗaya, nan take ta yanke shi a ƙwauri kamar aska. Daga nan ya gane, ya cije leɓe ya yi ta tafiya. A ƙarshen filin akwai wata 'yar ciyawa mai muryar Tasalla, ba ta zage shi ba, Ɗanlami kawai take kira ya zo ya ci tuwo. Ita ce ta fi yi masa ciwo, ko da yake ba ta taɓa shi ba.

Ya iso bakin wani kogi na narkakkiyar dalma, yana tafasa yana tartsatsi. Wani kada mai furfura ya ɗago kai ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ba a haye kogin nan sai da ladan fito. Ba na karɓar wuri, ba na karɓar zinariya. Sunanka za ka ba ni in haɗiye, in haye da kai, ka manta da shi ka huta."

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, sarkin wannan ruwa. Sunan da uwata ta hana bakinta, ba zan ba bakin kada ba."

Ya dubi zare ya ga ya miƙe a kan kogin, bai ƙone ba. Ya yi bisimilla ya hau, ya taka shi da yatsun ƙafa irin na masaƙa, kada yana bin sa ta ƙasa da baki a buɗe, har ya tsallake.

Can gaba ya tarar da wata maƙera wadda rufinta ya ɓace cikin hayaƙi, bakin zaren nasa ya sarƙe a ƙyaurenta. A ciki wani tsohon aljani yana zaune, gemunsa hayaƙi, idanunsa jajaye, yana dukan ƙarfe da tsurar hannunsa. A bayansa mutane ne jere suna zuga wuta, kowanne fuskarsa ta tagulla ce, ba mai magana, ba mai ɗaga kai.

Tsohon ya ce, "Ni ne Garwashi, sarkin maƙeran ƙarƙashin ƙasa. Tun kana bakin kogi nake jin zafin cikinka, ya fi na murhuna. Me kake nema, ya kai bil'adama?"

Haladu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce zaren uwarsa ya biyo, amma in da hali yana son abin da zai karya Gundumau. Garwashi ya ce shi ma mahaya kurayen nan sun ishe shi, kullum sai sun tattake masa gawayi in za su wuce. Ya sa hannu cikin wuta ya zaro wata fuska ta tagulla, ya hura ta ta huce.

Ya ce, "Wanda ya sa wannan, ƙarfin dutse ya shige shi. Amma ka ji sharuɗɗanta. Bakinka ba zai gaya wa kowa kai ne ba. Ranar da wani ya kira ka da sunanka na yanka kana sanye da ita, za ta fashe, ƙarfin ya koma inda ya fito. Na ƙarshe shi ne mai nauyi. In ka sa ta don fushin wanda aka zalunta, za ta fita kamar hula. In ka sa ta don fushin kanka, za ta manne, ƙasa ta haɗiye ka, ka zo ka yi mini zuga tare da waɗannan har abada. Sai fa in an sami mai kiran sunanka kafin ƙasa ta rufe kanka."

Haladu ya yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, asirina a rufe yake. A garinmu ba wanda zai zaci ni ne, wadda kuwa za ta iya gane ni ba ta faɗin sunana."

Garwashi ya dube shi, ya miƙa masa fuskar. Ya buga ƙasa, sai ga Haladu a bayan gari, zare a hannun dama, fuska a cikin riga. Da ya koma gida ya ce guguwa ce ta yar da shi a cikin ƙaya, aka yi masa dariya, magana ta wuce. Ya ɓoye fuskar a ƙarƙashin tarin auduga a ɗakinsa.

Kasuwa ta zagayo, guguwa ta taso. Mutane na cikin gudu sai ga wani ƙato ya diro tsakiyar kasuwa, tsawonsa ya kusa na giginya, fuskarsa tana walƙiya ja. Ya kama kura ta wutsiya ya maka wa wata, ya shaƙe aljanu biyu a hammata, ya tattaro awakin da aka kora ya mayar wa masu su. Kafin a farga ya ɓace. Da yake da azahar yake zuwa, sai aka sa masa suna Baƙon Azahar. Makaɗa suka yi masa waƙa, 'yan mata suka sa shi a gaɗa.

Haka aka yi ta yi kasuwa bayan kasuwa. Shi kuwa Haladu ya zagaya bayan gari ya cire fuska, ya dawo siririnsa, jiki duk tsami, ya zauna a masaƙa. Masu wucewa su ce, "Masaƙi, yau a wane rami ka ɓuya?" Sai ƙoshiyarsa ta ƙara sauri. Duk ranar da aka yi faɗa kuma, in ya shiga gida sai ya tarar da ƙwaryar ruwan zafi da ɗan man kaɗanya a ƙofar ɗakinsa. Ya ɗauka don fason ƙafarsa ake ajiyewa, bai taɓa tambaya ba.

Ranar da Gundumau ya fito da kansa, a kan wata kura mai kai biyu, an yi faɗan da ya girgiza duwatsu. Baƙon Azahar ya sha duka har ya durƙusa, sannan ya zaro zaren Tasalla ya ɗaure Gundumau tamau, ya jefa shi cikin surin da ya fito, ya ɗauko dutse ya toshe. Daga ranar guguwa ta zama iska kawai.

To, a ranar ne Ɗanlami ya ɓuya a cikin rumbu, garin fitowa ya faɗo ya fasa goshi. 'Yan mata suka gan shi da jini suka tambaye shi ina ya samo rauni. Ya yi murmushi ya ce akwai maganar da ba a faɗa. Shi ke nan fa. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Ɗanlami ne Baƙon Azahar, shi kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai dai tafiyarsa ta sake. Mai gari ya ce za a tara jama'a a sa masa rigar girma. Ya aiko a gaya wa Haladu shi zai saƙa ƙyallen rigar, tunda ba abin da ya iya sai saƙa, ko ta nan ya sami ladan haihuwarsu ciki ɗaya da jarumi.

Haladu ya saƙa. Kowane zare da ya buga, kamar a ƙirjinsa yake bugawa. Da ya gama ya shiga gida ya tarar da Tasalla tana kaɗi a tsakar gida, ya tsaya a kanta.

Ya ce, "Iya, ke ma kin yarda Ɗanlami ne?"

Ba ta ɗago ba. Ta murza mazari ta ce, "Kai, tuwonka na hucewa."

Ya tsaya yana jira ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Ya juya ya bar tuwon.

Ranar taro aka cika ƙofar mai gari, aka kafa rumfuna, mata suka kawo fura da nono. Aka sa wa Ɗanlami riga, maroƙa suna yi masa kirari. Haladu yana can baya, wani ya ture shi ya ce ya matsa, yana tare wa mutane ganin jarumi. Nan gawayin da ya daɗe yana tarawa ya kama wuta. Ya tuna maganar Garwashi sarai, ba mantawa ya yi ba. Ya je ya yaye auduga ya ɗauko fuskar ya sa.

Ƙasa ta yi girgiza da ya diro. Kiɗa ya tsaya. Jama'a suka dubi ƙaton, suka dubi Ɗanlami. Ya ɗaga ƙanen nasa da wuyan riga kamar ɗan tsako, ya ce da wata murya mai kama da tsawa, "Gaya musu inda ka samo tabon goshinka."

Ɗanlami yana wutsil-wutsil a sama ya ce, "Rumbu ne, ranka ya daɗe. Daga rumbu na faɗo."

Da a nan ya tsaya, da magana ta ƙare da dariya. Amma fushin da ya kwana ba ya jin birki. Ya kece rigar gida biyu, ya yar da Ɗanlami. Ya ce musu makafi, masu ido a banza, waɗanda ba su san mai yi musu dare da rana ba sai mai baki. Ya tumɓuke rumfar mai gari, ya taka ganguna, ya yi ƙwallo da ƙoren mata. Sai da ya ga nono yana malala a ƙasa, wata tsohuwa ta durƙusa tana tattara fasasshiyar ƙwaryarta, sannan ya tuna wa ke yin irin wannan aiki a da. Ya kai hannu zai cire fuska, ya ji ba ta da baki, ta zama ɗaya da fatarsa.

Ƙasar da yake tsaye a kai ta yi laushi kamar taɓo, ya nutse har gwiwa. Hayaƙi ya taso a gefensa, Garwashi ya fito daga ciki.

Ya ce, "Ya ku mutanen wannan gari, mutumin nan naku ne, cikinku yake kwana. Ya karya sharaɗi, na zo ɗaukar abina. Amma shari'armu ba ta zalunci. In akwai wanda ya san shi, ya kira sunansa na yanka kafin ƙasa ta rufe kansa."

Duk da ɓarnar da ya yi, mutane ba su manta da Gundumau ba. Suka shiga kiran sunaye. Aka kira sarkin 'yan tauri, sai ga shi ya amsa daga cikin taro. Aka kira maharba, aka kira 'yan kokawa, aka kira mahauta, har wani ya kira sunan kakansa da ya mutu tun tuni. Ƙasa ta kai masa ƙugu. Yana jin su, yana dubansu ɗaya bayan ɗaya, harshensa ya yi nauyi kamar guduma. Ba wanda ya waiwaya ya ga babu masaƙi a wurin. Fushin ya so ya sake tasowa, sai ya tarar ba sauran abin da zai ci.

Ƙasa ta kai ƙirji, sai taro ya dare. Tasalla ce, ta fito ko takalmi babu, mazari a hannunta. Ta zo gaban Garwashi ta durƙusa.

Ta ce, "Sarkin aljanu, na san shi. Yaron nan nawa ne."

Garwashi ya ce, "Baiwar Allah, ba dangantaka na tambaya ba. Suna."

Ta ce, "Wan Ɗanlami ne."

"Suna."

Ta ce, "Mai sunan kakansa ne na wajen uba, kowa a nan ya san sunan. Wani ya faɗa mana."

Mutane suka buɗe baki za su faɗa, Garwashi ya ɗaga hannu, muryoyinsu suka ɗauke. Ya ce, "Sun sami lokacinsu sun kira matattu. Ke kika gane shi, daga bakinki zai fito."

Ta waiwaya. Ga dattawan gari, ga ƙannen mijinta, ga tsofaffin matan da suka yi mata wankan jego, duk sun zuba mata ido. Mace irin Tasalla ta fi son a ce ta yi sata da a ce ta rasa kunya. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙasa ta kai masa wuya, ta taɓa haɓa.

Sai ta yaye mayafin ta yar. Ta dafa goshin tagullar nan da tafin hannunta, ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Haladu. Haladu, tashi mu je gida."

Fuskar ta yi ƙara ta tsage gida biyu ta faɗi. Ƙasa ta tofo shi waje, siriri kamar yadda yake, yana haki. Garwashi ya tsince gutsattsarin tagullarsa, ya ce tun da yake ƙira bai taɓa mayar da mai zuga ba sai yau, ya rusuna wa Tasalla, ya koma cikin hayaƙinsa.

Ba a yi guɗa ba, ba a yi kirari ba, kowa ya sunkuyar da kai. Haladu ya je ya durƙusa gaban tsohuwar da ya fasa wa ƙwarya ya nemi gafara, ya taya a tayar da rumfar mai gari da ɗan ƙarfin da Allah ya ba shi. A hanyar gida ya tambayi uwarsa yaushe ta gane. Ta ce tun ranar farko, ai ko ya kai tsawon giginya kafaɗarsa ta hagu a karkace take irin ta ubansa. Ta ce a tunaninsa wa ake dafa wa ruwan zafi. Game da Ɗanlami kuwa, ta ce ta ja masa kunne a ɗaki ya ƙi ji, ita kuma ba ta da bakin da za ta fita ta yabi ɗan fari a gaban mutane.

Washegari Ɗanlami ya zauna a gindin ceɗiya da allura yana ɗinke rigar da aka kece, ya ce in ya gama mai ita zai ba. Haladu ya shiga gida ya tarar da Tasalla tana kaɗi. Ya tsuguna kusa da ita, ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce, "Iya, jiya hayaniya ta yi yawa, ban ji sosai ba. Ko za ki sake faɗa?"

Ta ɗauki muciya ta nuna shi da ita ta ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri, marar ta ido. Tuwonka na hucewa."

Ya tashi yana dariya, ya je ya cinye tuwon tas.

Nan zaren labarin ya ƙare, na naɗe shi a kan mazari. Ƙurunƙus.